Wuri Huɗu Gwaggo Ta Je, Ba Wanda Ya Sa Mata Hannu

Na sani mafi yawanku da kun ga sunana abin da kuke sa rai shi ne ci gaban labari, ko an ɗaura auren ko an fasa. To yau ku yi mani afuwa, domin abin da ke cina a rai ba ƙagagge ba ne, kuma na daɗe ina juya shi har na ga in ban amayar ba zai zame mani miki.

A littattafanmu na hikaya mun saba da ciwon daji. Idan marubuci ya so ya kashe tauraruwarsa yadda mai karatu zai yi kuka, sai ya ɗora mata kansa. Likita ya fito ya cire tabarau, ya girgiza kai, ya ce sai haƙuri, an makara. Ni kaina na taɓa rubuta irin wannan. Amma ban taɓa tsayawa na tambayi kaina ba: a ina aka makara? Wa ya makara? Sai da abin ya shigo gidanmu sannan na samu amsa, kuma amsar ba daɗin ji.

Mu 'yan Rijiyar Zaki ne, a ƙaramar hukumar Ungogo, kan titin Gwarzo idan ka wuce Kabuga. Masu wucewa a mota sun fi sanin tasha da shaguna, amma in ka saki titi ka nausa ciki har yau za ka ga ragowar gonakin gero da dawa da gyaɗa waɗanda fuloti bai gama cinyewa ba. A irin waɗannan gidaje na ciki Gwaggona take, ƙanwar mahaifina. Sana'arta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, 'ya'yanta tara, kuma duk ta shayar da su kusan shekara bibbiyu. Mace ce mai kawaici, irin wadda ko zazzaɓi take sai dai ka gani a idonta.

Da daminar 2018, tana da shekara hamsin da biyu, tana wanka ta ji wani ɗan ƙullutu a mamanta na hagu, can sama wajen hammata. Daga baya da take ba ni labari, da kayan sana'arta ta riƙa auna mani shi. Ta ce da fari kamar ƙwayar gyaɗa yake, ga tauri, ba ya ciwo ko kaɗan. To tunda ba ya ciwo, sai ta yi shiru wata uku. Wannan laifinta ne, kuma ba zan wanke ta ba. Amma ku biyo ni ku ji na sauran.

Da ya kai kamar goro, sai ta je kemis ta yi wa mai shagon bayani a kaikaice, kanta a sunkuye. Ya ce maruru ne yake son fitowa, ya ƙirga mata kafso na kwana biyar. Da bai baje ba sai ta tafi wani ƙaramin asibiti. Ta yi layi tun safe, aka kira ta, ta faɗa wa ma'aikacin abin da ke damunta. Ta rantse mani ko kai bai ɗaga ya dube ta ba, hannunsa na kan takarda tun kafin ta rufe baki. Ya rubuta allura da maganin ciwon jiki, ya ce a kira na gaba. Daga nan wata ƙawarta ta kai ta wurin mai maganin gargajiya, wanda ya ce daji ne, kuma daji ba ya son ƙarfe, kada ta kuskura a yi mata allura ko aiki. Ya ba ta na shafawa da na jiƙo, ta yi wata huɗu tana yi. Wuri na huɗu wani asibitin kuɗi ne, inda aka ɗebi jininta aka ce taifot ce da maleriya, aka yi mata ƙarin ruwa leda biyu, maganar mama kuwa aka ce ta gama wannan maganin tukuna a gani.

Wuri huɗu ke nan cikin wata goma sha ɗaya. A cikinsu babu inda aka ce mata, Baba, shiga bayan labule a duba.

Ni ban sani ba sai ranar da na je gaishe ta na ga tana ɗaga tukunya da hannu ɗaya. Na matsa mata da tambaya, ta ja ni ɗaki ta buɗe. Abin ya fi lemon zaƙi, fatar wurin ta yi kauri da 'yan ramuka kamar ɓawon lemo, kan maman ya shige ciki. Washegari muka tafi babban asibiti a cikin gari. Wata matashiyar likita ce ta gan mu. Ta yi tambayoyi, ta sa aka ja labule, ta wanke hannu, ta duba Gwaggo a zaune da a kwance, ta lalubi hammata da saman ƙashin wuya, ta danna ciki, ta bubbuga ƙashin baya. Duka-duka bai fi minti goma sha biyar ba. Da ta gama sai ta ce a hankali, "Baba, me ya sa ba ki zo da wuri ba?"

Gwaggo tana ɗaura zane ta ce, "'Yar nan, ai na je."

Wannan kalma ita ce ta hana ni barci har yau. Gwaggo ta rasu a farkon 2021, bayan an sha wahala an sayar da gona. Allah Ya jiƙanta da rahama.

Duk taron da aka yi a kan sankarar mama, musamman a watan Oktoba da duniya ta keɓe don wayar da kai game da ita, waƙar ɗaya ce: matanmu ba sa zuwa asibiti da wuri, jahilci ya yi yawa, kunya ta yi yawa. Gaskiya ne, amma rabin gaskiya. Ɗaya rabin da ba a son faɗa shi ne, mata da yawa suna zuwa, sai dai ba a duba su. Suna kai kansu gaban wanda ya kamata ya sa hannu, shi kuma ya sa biro. Ra'ayina a taƙaice shi ne: kafin mu yi kukan rashin manyan na'urori, mu fara kukan rashin hannu. Hannun da aka koya wa aiki, da labule, da minti goma, su ne makamin da talakan Kano zai iya samu yau, kuma su ne muka fi wulaƙantawa.

Bari in kawo alƙaluma don kada a ce son zuciya ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mata kimanin miliyan 2.3 aka samu da kansar mama a duniya, kuma kusan 670,000 ta kashe. A Nijeriya ƙiyasin wannan shekarar ya haura mata 32,000 da suka kamu, sama da 16,000 suka rasu, kuma ita ce kansar da ta fi kama mata a ƙasar nan. A ƙasashe masu arziki, cikin mata goma da aka gano suna da ita, tara suna raye bayan shekara biyar. Wani babban bincike da aka yi a ƙasashen Afirka biyar aka buga a 2020 ya nuna cewa cikin matan Nijeriya da aka bi sawunsu, kusan kashi 36 cikin 100 ne kawai suka kai shekara uku. Cutar ɗaya ce a Landan da Ungogo. Babban abin da ya raba mu shi ne girman da take kaiwa kafin a gane ta, da kuma ko an iya kammala magani.

Likitoci sun kasa ta mataki huɗu. A mataki na farko ƙullutun bai wuce santimita 2 ba, wato ƙwayar gyaɗar Gwaggo ke nan, kuma bai yi nisa ba. A na biyu ya ƙara girma ko ya fara taɓa kaluluwar hammata. A na uku ya cika hammata, ko ya kama fata ko ƙirji. A na huɗu ya yi ƙaura zuwa ƙashi, huhu, hanta ko ƙwaƙwalwa. Na ɗaya da na biyu ana warkewa sosai. Na uku ana fafatawa, wasu su tsira. Na huɗu kuwa sai dai a rage raɗaɗi a ja kwana. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Shi ya sa shirin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar a 2021 ya tsaya a kan ƙafa uku: a gano aƙalla kashi 60 cikin 100 na masu cutar tun suna mataki na ɗaya ko na biyu, a gama bincike a san abin da ke damun mace cikin kwana 60 daga ranar da ta fara kai kanta asibiti, kuma aƙalla kashi 80 cikin 100 su kammala maganinsu. Kwana sittin aka ce. Gwaggo ta yi wata goma sha ɗaya tana yawo.

To mene ne wannan duba da nake ta nanatawa? Gara in fayyace shi, domin mace ta san abin da ya kamata a yi mata, ta kuma san idan an ha'ince ta.

Farko tambaya ce. Shekarunki nawa, yaushe kika fara jin abin, yana girma ko yana nan yadda yake, yana sauyawa da al'ada, wani ruwa ko jini na fita ta kan mama, kina shayarwa, kin daina al'ada, akwai wadda ta taɓa yin irinsa a danginku ta wajen uwa ko ta wajen uba. Sai dubawa da ido. Za ki zauna a buɗe daga wuya zuwa ƙugu, hannuwa a sake, sannan ki ɗaga su sama, sannan ki dafa ƙugu ki matse. Abin da ake nema shi ne ko ɗaya ya sauya siffa, ko fata ta lotsa, ko ta yi ɓawon lemo, ko ta yi ja, ko kan mama ya shige ciki ko ya yi ƙuraje da ba sa warkewa. Sai ki kwanta rigingine, hannu a bayan kai. Mai dubawa zai yi amfani da tafin yatsunsa uku na tsakiya, ba tsini ba, yana dannawa a hankali, sama-sama sannan can ciki, yana bin ko'ina daga ƙashin wuya zuwa ƙasan mama, daga tsakiyar ƙirji zuwa hammata. Duka biyun ake dubawa, ba mai ciwon kaɗai ba. Daga nan a lalubi hammata da saman ƙashin wuya ko kaluluwa ta fito.

Idan an ji ƙullutu, hannu yana ba da labari mai yawa: girmansa, taurinsa, ko yana da santsi yana zillewa ƙarƙashin yatsa, ko kuwa gefensa ba daidai ba ne ya kafe a fata ko a ƙirji. Ga wadda aka riga aka tabbatar tana da cutar, duban bai ƙare ba. Da shi ake auna ko ƙarin ruwan maganin kansa yana rage ƙullutun. Da shi ake lura da tabon aiki ko wani abu ya sake tsirowa, da ɗaya maman, da kumburin hannu da kan biyo bayan cire kaluluwar hammata. Ciwon baya da ba ya jin magani, tari da haki, kumburin ciki, duk likitan da ya san aikinsa zai tambaya ya kuma taɓa. Majinyaciyar da take zuwa a sabunta mata takarda kawai, wata da watanni ba a buɗe wurin an gani ba, ba a yi mata adalci ba.

Amma kada a fahimce ni a baibai. Hannu ba ya yanke hukunci. Abu uku ake haɗawa: duban likita, sai hoto, ko na sikanin ko na mamogiram gwargwadon shekarun mace, sai a ɗebi ɗan nama da allura a kai ɗakin gwaji. Gwajin naman nan shi ne alƙali. Shi zai ce kansa ce ko ba ita ba ce, kuma wace iri ce, domin akwai wadda ke jin maganin haɗiya irin su tamoxifen, akwai wadda ba ta ji. Aikin hannu shi ne ya buɗe ƙofa, ya ce wannan ki koma gida ba komai, wannan kuwa maza ki wuce gaba. Idan ƙofar farko a rufe take, duk na'urorin da ke asibitin Malam Aminu Kano ko na Murtala ba su da amfani ga matar da ba a turo ba.

Wani zai ce, ke kuwa a zamanin na'ura kike yi mana wa'azin yatsu? To a saurari abin da ya faru a Mumbai ta ƙasar Indiya. Tun daga 1998 likitocin asibitin Tata suka ɗauki mata sama da 150,000 a unguwannin talakawa, masu shekara 35 zuwa 64, suka raba su gida biyu. Kashi ɗaya aka yi musu wayar da kai kawai. Ɗaya kashin kuma ana duba su da hannu duk bayan shekara biyu, har zagaye huɗu. Masu duban ba likitoci ba ne, mata ne da karatunsu bai wuce na sakandare ba, aka horar da su. Bayan shekara ashirin aka buga sakamako a 2021. A ɓangaren da ake dubawa, waɗanda aka gano cutarsu ta riga ta yi nisa sun kai kashi 37 cikin 100, a ɗaya ɓangaren kuwa kashi 47. A tsakanin mata masu shekara hamsin zuwa sama, mutuwa daga kansar mama ta ragu da kusan kashi 30 cikin 100. Ga 'yan ƙasa da hamsin ba a ga raguwar mutuwa a fili ba, wannan ma gaskiya ne kuma dole a faɗa. Amma ku tuna shekarun Gwaggo.

Kusa da mu ma an gwada. A jihar Jazira ta Sudan, tsakanin 2010 da 2012, an horar da 'yan mata 'yan sa-kai daga cikin ƙauyuka, suka bi gida-gida suka duba mata sama da dubu goma, suka tura waɗanda aka ji wani abu a jikinsu asibiti, kuma aka kama wasu tun cutar tana ƙarama. Mutanen nan Musulmi ne manoma kamarmu, masu kunya kamarmu. Abin da ya sa aka buɗe musu ƙofa shi ne 'yar gida ce ta zo, mace kuma.

Akwai wani darasin daga birnin Shanghai na ƙasar Sin, inda aka koya wa mata ma'aikatan masaƙa duba kansu da kansu, a binciken da ya ƙunshi mata sama da 260,000, aka buga a 2002. Ba a ga mutuwa ta ragu ba. Wannan bai nuna mace ta daina lura da jikinta ba, domin a wurinmu kusan kullum ita ce ke fara jin ƙullutun. Abin da nake ɗauka daga ciki shi ne, ba ya isa a tara mata a raba musu takarda mai hoton yadda za su shafa ƙirjinsu a gaban madubi, a sha lemo a watse. Idan ta ji abin fa, wurin wa za ta? Nan ne gizo ke saƙa.

Yanzu sai maganar kunya, wadda ita ce kowa ke fakewa da ita. Ni mace ce, na san nauyin buɗe ƙirji a gaban baƙo. Bayan rasuwar Gwaggo na ji wani ɗan abu a nawa jikin, na yi sati biyu ina fama da kaina kafin na tafi. Da na shiga na ce ina son mace ta duba ni, aka ce in jira, na jira. Malamar ta ja labule, ta rufe ni da zane tana buɗe gefe ɗaya bayan ɗaya, tana yi mani hira har na saki jiki. Ta tura ni hoto da gwaji, aka ce ƙari ne marar illa, irin wanda ya yi yawa a jikin mata masu ƙuruciya. Mafi yawan ƙullutun mama haka suke, ba kansa ba ne. Amma ba a sanin na kirki da na banza sai an duba. Na fito ina tambayar kaina, wannan ɗan abin ne muke mutuwa a kansa?

Kuma kunyar ba ta majinyaciya kaɗai ba ce. Ma'aikaci namiji saurayi, ga dattijuwa sa'ar uwarsa, ga ɗaki ba labule, ga layi har waje, ga tsoron kada miji ya tayar da rigima. Sai ya zaɓi hanya mai sauƙi, ya rubuta kafso. Na fahimci halin da yake ciki, amma ban yafe masa ba. Idan ba za ka iya dubawa ba, kira abokiyar aikinka mace. Idan babu, rubuta takarda ka tura ta inda za a duba, ka gaya mata a fili cewa abin ba na wasa ba ne. Malamanmu sun daɗe da bayyana cewa larurar neman magani tana halatta wa likita ganin abin da ya zama dole, kuma an fi son mace ta duba mace idan akwai. Saboda haka kada a jingina wa addini sakacinmu.

Sai camfin nan na cewa daji ba ya son ƙarfe. Na yi tunani a kan inda ya samo asali, kuma ina ganin daga irin labarin Gwaggo ne. Mace ba ta isa hannun likitan fiɗa sai cutar ta gama bin jiki, a yi aiki, bayan wata kaɗan ta rasu, sai a ce ai wuƙa ce ta tayar da shi. Waɗanda aka yi wa aiki da wuri suka warke kuwa ba sa yawo suna shela, suna cikin gidajensu sun rufa asirinsu. Muna ganin gawa, ba ma ganin mai rai. A kudu, Betty Anyanwu-Akeredolu ta yi fama da cutar a 1997, ta warke, ta fito ta faɗa, har ta kafa ƙungiyar yaƙi da ita. Mu ma muna buƙatar matanmu da suka tsira su yi magana, ko a gidan biki ne ko a islamiyya. Haka nan a daina cewa wadda ta shayar ba ta kamuwa. Shayarwa tana rage haɗari, ba ta kawar da shi. Maza ma ba su tsira ba, ko da yake kusan ɗaya ne cikin ɗari na masu cutar.

Hujja mafi nauyi da ake kawo mani ita ce ta kuɗi. Wata ƙawata ta ce, to an gano da wuri, sai me? Wa zai biya aiki da ƙarin ruwa da gashi? Ban da amsar da za ta share hawaye gaba ɗaya, domin na ga yadda gona ta tafi. An daɗe mutanen Kano suna ɗaukar majinyata zuwa Shika ko Sakkwato ko Abuja neman na'urar gashi. A 2021 gwamnatin tarayya ta buɗe asusun tallafa wa marasa galihu masu kansar mama da wasu nau'o'i biyu, kuma asibitin koyarwa na Shika yana cikin waɗanda aka fara da su, amma masu buƙata sun fi ƙarfin abin da ake sakawa. Duk da haka, lissafin a fili yake. Ƙaramin ƙullutu ya fi sauƙin cirewa, maganinsa ya fi gajarta, wani lokaci ma ba sai an cire maman duka ba, kuma kuɗin da aka kashe yana sayen rai. Mu namu kuɗin jinya kawai ya saya. Talaka shi ya fi kowa buƙatar a gano da wuri, domin shi ne ba shi da abin yin doguwar jinya.

Saboda haka ga kirana, kuma ba abin da ya fi ƙarfinmu a ciki.

Ga hukumomin lafiya na jihar Kano: muna da ƙananan hukumomi 44 da mazaɓu 484, muna da makarantun koyon jinya da ungozoma da na ma'aikatan lafiya na karkara suna yaye ɗalibai mata duk shekara. A tabbatar kowane asibitin sha-ka-tafi yana da mace aƙalla ɗaya da aka koya wa duban mama da hannu, aka kuma gwada ta aka ga ta iya, da ɗaki mai labule, da takardar turawa wadda babban asibiti zai mutunta, ba a ce wa mace ta dawo bayan wata uku ba. Mata suna zuwa awo, suna kawo yara rigakafi, kakanni suna rako jikoki. Ga su nan a hannu, me zai hana a tambaye su a duba mai so?

Ga masu kemis: kun fi kowa kusa da jama'a, kuma ku ake fara zuwa wa. Mace ta ce tana da ƙullutu a mama, ba ta shayarwa, ba zazzaɓi, wallahi kafso ba naku ba ne a nan. Ko mai shayarwa ce, in an sha magani kumburi bai baje ba, a tura ta. Ribar naira ɗari biyar ba ta kai ran uwar wani ba. Masu maganin gargajiya ma haka, wanda ya san iyakar saninsa shi ne gwani.

Ga maza: ku ne ke ba da izinin fita, ku ne ke ba da kuɗin adaidaita. Sau da yawa ma miji ne ke fara lura da sauyi. Kada ka ce a bari a gani. Kuma matar da aka cire wa mama tana nan matarka, uwar 'ya'yanka. Tsoron kishiya da saki ya sa mata da yawa sun gudu daga gadon aiki, kuma wannan tsoron ku kaɗai ke iya cire shi.

Ga 'yan uwana mata: ciwon da ba ya ciwo shi ya fi ban tsoro. Ki san jikinki. In kin ji ƙullutu, ko kin ga jini a kan mama, ko fata ta lotsa, kada ki jira ya yi zafi. In kin je an rubuta maki magani ba a duba ba, ki buɗe baki ki ce, Malam, ina son a duba ni, kuma mace nake so. Haƙƙinki ne, ba roƙo ba ne. In an ƙi, ki wuce gaba. Ku kuma 'ya'ya, ku riƙa tambayar iyayenku mata. Irin su Gwaggo ba za su faɗa da kansu ba.

Mu kuma marubuta, mun kashe taurari da yawa da wannan cuta don mu sa mutane kuka. Littattafanmu suna shiga ɗakunan da likita bai taɓa shiga ba. Me zai hana mu rubuta wadda ta ji ƙwayar gyaɗa ta tashi ta tafi, ta dage sai da aka duba ta, aka yi mata aiki, ta dawo ta aurar da 'ya'yanta? Ni dai na yi alkawari, a littafina na gaba likitan ba zai cire tabarau ya girgiza kai ba. Zai ja labule ya kira nas.

Turmin da Gwaggo take daka gyaɗa yana nan a tsakar gidan, yanzu babbar 'yarta ke amfani da shi. Watan jiya na je na ɗauke ta da ƙannenta mata biyu muka tafi aka duba su, suna ta noƙe-noƙe suna dariya. Lafiyarsu ƙalau, an ce su riƙa dawowa. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Wassalam.